Na Ba Allah Ajiya, Ina Leƙawa

Matata ce ta fara gano ni. Wata Laraba da yamma na dawo daga addu'ar tsakiyar mako, inda na kwashe kusan awa guda ina koya wa jama'a yadda ake miƙa wa Ubangiji damuwa a bar masa. Har da ɗaga yatsa. Wata tsohuwa ta share hawaye da bakin zanenta, na ce a raina yau kam magana ta shiga. Ina shigowa gida, ko Littafi Mai Tsarki ban ajiye ba, na ɗauki tocila na wuce ɗakin hatsi ina ƙirga buhunan da na ƙirga da safe. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, can ta ce, "Malam, sun haihu na?"

Ban ba ta amsa ba, don buhu na huɗu nake, kuma ba na son lissafi ya ɓace mini.

Ni malamin firamare ne a Anka, kuma dattijo a 'yar ƙaramar majami'armu. Mu Kiristocin garin nan ba mu da yawa, shi ya sa mutum ɗaya yake riƙe aiki uku. In fasto ya yi tafiya ni ke wa'azi, in an yi rasuwa ni ake turawa ta'aziyya, kuma duk lokacin da darasi ya zo kan dogara ga Allah, sai ka ji an ce a ba Malam, shi ya iya. Na iya ɗin kuwa. Na san inda kowace aya take ba tare da na buɗe ba. Aibina shi ne, abin da nake rabawa a majami'a ba na komawa gida da ko kaɗan daga ciki. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Kun san mutumin da zai kawo maka ajiyar kuɗi, ya ce ya yarda da kai fiye da ɗan'uwansa, sannan kafin la'asar ya dawo wai wucewa yake ya ce bari ya gaishe ka, idonsa na kan akwati? Haka nake da Allah. Da asuba na durƙusa na ba shi 'ya'yana da albashina da hanyar da zan bi, in ce amin da ƙarfi. Kafin ruwan shayi ya tafasa na koma na leƙa. Ban taɓa cewa ba zai riƙe ba. Ina dai ganin ba laifi in taya shi sa ido.

Kafin ku yi mini dariya, ku tuna inda nake zaune. Tsoron mutumin Anka ba na tatsuniya ba ne. Duk wanda ya bi hanyar nan zuwa Gummi, ko ya ratse a Daki Takwas ya nufi Zuru a shekarun nan, ya san yadda mota take yin tsit in an shiga daji. To ni ga yadda nake shirin tafiya. A gida zan tara iyali mu yi addu'a, in faɗa musu cewa ko gashin kanmu a ƙidaye yake a wurin Uba. Daga nan in shiga ɗaki in raba kuɗina kashi uku: kashi a safa, kashi a naɗin hula, kashi a aljihun gaba wanda na ware wa 'yan bindiga, kamar masu bin bashi. In ɓoye babbar waya, in riƙe wata tsohuwa mai fasasshiyar fuska. A tasha in ƙi kujerar gaba, in ƙi ta bakin ƙofa, in ƙi ta baya, har kamasho ya tambaye ni ko a kan rufi zan zauna. Sannan in matsa kusa da direba in ce, "Hanya lafiya?" Ya ce, "Sai abin da Allah ya yi, Malam." Abin kunya, wannan amsar haushi take ba ni. Ni rahoto nake nema, shi kuma ya tsaya yana maimaita mini wa'azina.

Kakana Bamaguje ne daga ƙasar Kwatarkwashi. Ina yaro na sha yi masa dariya saboda layu da guraye da ya jera a damtse da ƙugu: na ƙarfe daban, na maciji daban, na baki daban. Mahaifina da ya karɓi bishara ya kwance nasa duka ya ƙona, ya rungumi wani tsohon Littafi Mai Tsarki, fassarar 1932 wadda Dakta Walter Miller na Wusasa ya yi wa aiki, yana karantawa da yatsa a kan layi. Ni jikan na tashi ina alfahari cewa ban taɓa ɗaura laya ba. Sai ran nan na zazzage aljihuna a kan tabarma: layukan waya uku na kamfani daban-daban, katin banki biyu, takarda mai lambobin mutum goma sha ɗaya da zan kira in abu ya faru, da maganin hawan jini wanda likita bai ce ina da shi ba. Na duba na ga kakana ne ya dawo, rigar kawai ya canja. Shi ma ya fi ni gaskiya, don bai taɓa hawa mumbari ya ce ba ya tsoro ba.

Da ni mai koyo ne, da na koya tun 2010. A shekarar ce aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da Yargalma, daga baya Bagega. Mutane suna kawo dutsen zinariya gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Da fari an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, saboda jijjigar da yaran ke yi, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan sabbin ƙananan kaburbura. Yara aƙalla 400 suka tafi. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Wani abokin aikina Musulmi ya rasa 'ya'ya biyu a tsakanin makonni. Na shirya zuwa ta'aziyya kamar mai shirin jarrabawa, ina ta auna abin da zan faɗa wanda zai dace da Kirista a zauren Musulmi. Ina zama a kan tabarma na ga takalmin ƙaramin a gefe, sai kuka ya ƙwace mini. Shi ne ya dafa kafaɗata ya ce, "Haƙuri, Malam. Mai abu ya amshi abinai." Na je ba da magana, na dawo da ita a hannu. A hanya na yi ta tunanin cewa ashe ajiyar ma a juye na fahimce ta, yaran nan da nake cewa na ba Allah ya riƙe mini, shi ya ba ni su in riƙe masa. Tunanin ya yi mini kyau ƙwarai. Na sa shi a wa'azi sau uku. A gida kuwa na hana yarana wasan ƙasa har shekara biyu, ko da yake ba a taɓa daka dutse a unguwarmu ba.

Sai maganar wake. A farkon Satumbar 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, don a matse 'yan bindiga. Ni da na ji haka sai na tattara duk abin da na mallaka, kaka na yi na sayi buhu shida na wake na jibge. Na kira shi hikima. Kullum hujjata Yusufu ne, wanda ya tara hatsi shekara bakwai a Masar, in ƙara da cewa ai Allah ya ce tashi in taimake ka. A watan Janairun 2022 'yan bindiga suka kai hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, daga 4 zuwa 6 ga wata. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen ƙauyukan suka ce sun kai 200. Mata da yara suka kwararo cikin gari, suka ƙaru a kan waɗanda suka riga su gudowa. Masallatai suna tara abinci, mu ma aka sanar a majami'a cewa kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ni na karanta sanarwar da bakina. Na koma gida na tsaya gaban buhu shida, na auni tiya biyu, na share kan kowace da tafin hannu don kada ta yi tozo. Matata ta ce, "Malam, Yusufun nan naka, da yunwa taz zo buɗe rumbuna yay yi ko ƙirgawa?"

Da zafi ya shigo na kwance buhu ɗaya, sai wani wari ya tare ni. Ƙwari sun huhhuje waken, kana damƙa yana zama gari a hannu. Shidan duka haka. Kuma don kada in ce tsautsayi ne, darasin da aka ba ni a makarantar Lahadi a makon shi ne Fitowa sura 16, labarin manna a jeji, inda aka ce kowa ya ɗebi na yini ɗaya, waɗansu suka ɓoye na gobe ya wayi gari da tsutsa yana wari. Na tsaya gaban yara ina ba da labarin, ƙurar wake na maƙale a farcena. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce me ya sa mutanen ba su ji magana ba. Na ce masa taurin kai ne.

Amma abin da ya fi tona ni ya faru ne kafin waken ya lalace. A ranar 3 ga Satumbar 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara. Layukana uku suka mutu lokaci guda, kamar an yanka su da wuƙa ɗaya. Na yi ta ɗaga waya sama kamar mai miƙa hadaya, har kan katanga na hau da girmana. Mahaifiyata tana wurin ƙanena a can garinmu, ba ta da lafiya, ni kuma na saba kira sau uku a yini in tambayi ko an ba ta magani, ko ta ci, ko an rufe taga. A raina kiran nan ne yake riƙe da ita. Wata safiya wani direba da ya taso daga Gusau ya tambayi gidan Malam, ya miƙo mini takarda a ninke. Inna ta rasu, an yi jana'iza shekaranjiya.

Ina faɗar wannan da tsoron Allah: ban taɓa samun natsuwa irin ta kwanakin nan ba. Babu wanda zan kira, babu abin da zan shirya, babu dabarar da ta rage. Na zauna a ƙasa na ce, Ubangiji, ga ta nan, kuma a karon farko ban koma na leƙa ba, don babu ƙofar leƙawa. Matan zumunta suka zo da tulunsu suka yi waƙa a tsakar gida, maƙwabta Musulmi suka cika zaure suna Allah ya ba da haƙuri. Na yi barci kamar jariri. Sai na gane irin bangaskiyar da nake da ita: ba ta tashi sai an ƙwace mini komai. In da sauran dabara ko guda a aljihuna, Allah sai ya jira a layi.

Kwana bakwai abin ya yi. A na takwas na farka da dare ina lissafin shinkafar da masu ta'aziyya suka ci.

Farin ciki ma bai tsira daga hannuna ba, kuma a nan ne na fi jin kunya, don baƙin ciki aƙalla yana da uzuri. In abu mai daɗi ya same ni, sai in tsaya ina jiran ranar biya. A auren 'yata ta fari, a Disambar 2023, lokacin da cire tallafin fetur ya sa komai ya yi tashin gwauron zabi, Allah ya rufa asiri ta inda ban zata ba. Abinci ya isa har ya yi saura, baƙi daga Gummi da Zuru suka zo lafiya suka koma lafiya. Ana ta guɗa da rawa, uban amarya yana bayan gida yana ƙirga faranti. Da hotuna suka fito, a guda ɗaya kawai na bayyana, can a gefe, da biro a baki da takarda a hannu, fuskata kamar ta mai karɓar haraji. Ranar Lahadi kuma na tashi ba da shaida, na ce Ubangiji ya yi abin mamaki, sannan na ɗan ƙara da cewa da ma tun watan Yuni na fara tsari. Fasto ya sunkuyar da kai. Har yau ban san ko addu'a yake ko dariya ba.

A cikin Littafi ba Ibrahim ne ɗan'uwana ba, ba kuma Ayuba ba. Nawa shi ne uban yaron nan mai farfaɗiya a Markus sura 9, wanda a numfashi ɗaya ya ce ya gaskata, ya kuma roƙi a taimaki rashin gaskatawarsa. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne Yesu bai ce masa ya je ya gyara zuciyarsa ya dawo ba, yaron ya warkar. In an karɓi irin wannan rabin bangaskiyar, wataƙila tawa ma za ta wuce, ko da a farashin tsohon kaya.

Lahadi mai zuwa an sake ba ni darasi, kuma kun riga kun san a kan mene ne. Na ce a ba wani, aka ce a'a, Malam ya iya. Don haka 'yan'uwa, Kirista da Musulmi, duk wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a. Bana na kai buhu guda cur ga masu gudun hijira, matata shaida ce, ban share kan komai ba. Sauran ukun na zuba su a buhun nan mai ninki uku da ake cewa ƙwari ba sa rayuwa a ciki, kuma na rage ƙirga su zuwa sau ɗaya a yini.