Takardu Uku, Mashawarta Talatin

Tsakanin Fabrairu da Afrilu wani ciwo kan kama matasan malaman jami'a da ɗaliban kimiyya masu neman digirin digirgir a ƙasashen waje. Mutum ya shekara yana cike takardu, yana bin farfesoshi ofis-ofis don su rubuta masa shaida, yana addu'ar ko jami'a ɗaya ta kula shi. Kwatsam sai uku su amsa a tare: ɗaya a Amurka, ɗaya a Jamus, ɗaya a Saudiyya. Abin nema ya samu, ruwan ido ya biyo baya. Da labari ya fita kuwa, mashawarta za su yi masa caa, kowa da irin tasa.

Wanda yake fara isowa shi ne Mai Jadawali. Ya haddace jerin QS da na Times Higher Education da na Shanghai, kuma ba ya tambayar abin da za ka karanta. "Ta nawa ce a duniya?" ita ce gaisuwarsa. In ka ce wannan tana cikin hamsin na farko, waccan tana wajen ta ɗari uku, sai ya tafa hannu ya ce to me ake jira. Bai damu da cewa jadawalin jami'a sukutum yake aunawa ba, har da sashen shari'a da na kasuwanci da yawan baƙin ɗalibai da ra'ayin malaman da aka tambaya, alhali kai a ɗaki ɗaya za ka ƙare, gaban na'ura ɗaya, ƙarƙashin mutum ɗaya. Daidai yake da ka kai ɗinkin sallah wurin tela don kawai kasuwar da shagonsa yake babba ce. Ranar da ka ce masa an kira ka wata cibiyar Max Planck, zai zazzage jerin daga sama har ƙasa bai gan ta ba, domin cibiyoyin bincike ne, digirin ma jami'ar da suke haɗin gwiwa da ita ke bayarwa. Sai ya ɗago kai ya rage murya: "Anya ba 'yan damfara ba ne?"

Bayansa sai Mai Kalkuleta, kuma a kansa zan ɗan daɗe don ya fi kowa ɓarna. Kafin ka rufe baki da faɗin alawus ɗin, ya buga shi da canjin ranar ya mai da shi naira. Cikin minti biyu ya saya maka fili biyu a bayan gari, ya biya wa Hajiya kujerar Makka, ya ware wa kansa na babur. Abin da kalkuletarsa ba ta da maɓallinsa shi ne ragewa. Ba ya tambayar kuɗin haya, alhali alawus ɗin da zai riƙe mutum da rufin asiri a wani ƙaramin gari na tsakiyar Amurka, a Boston ɗaki guda cikin gidan haɗaka zai lashe kaso mai tsoka daga cikinsa. Ba ya tambayar ko na wata tara ne ko na sha biyu, ko shekara nawa aka rubuta a takarda za a biya, ko kuɗin na koyarwa ne da zai sa ka kwana kana duba takardun 'yan aji ɗaya maimakon naka gwajin. A Ingila akwai kuɗin lafiya na fam 776 a kowace shekara, ana biyan na tsawon bizar gaba ɗaya tun kafin a tashi, kuma in da iyali, kowane kai da nasa. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, kuma ɗalibin digirgir sau da yawa ma'aikaci ne mai kwantiragi, sai dai a fannoni da dama kashi 65 cikin ɗari na albashi ake ba shi, wani wurin ma rabi. Aikin ne ba a rage ba. Duk wannan Mai Kalkuleta bai ji ba, yana can yana neman lambar dillalin filaye.

Yana da wani yaya da ba ya dariya. Shi ne wanda ya tafi da tallafin da aka lissafa da naira, yana tsakiyar karatu aka saki darajarta a watan Yunin 2023. Shawararsa jimla ɗaya ce: "Da wane kuɗi za a biya ka, kuma wa zai biya?" A saurare shi.

Sai Tsohon Farfesa, wanda ya yi nasa a Ingila wajen 1980 da wani abu, kuma a wurinsa duniya ta tsaya a nan. Za ka shiga ka rusuna, "Ranka ya daɗe, shawara na zo nema." Da ya ji Amurka shekara biyar zuwa shida ce, da darussa a shekarun farko da jarrabawar tantancewa kafin a sake ka ga bincike, sai ya cire tabarau. "Shekara shida? Mu uku muka yi muka dawo muka yi wa ƙasa aiki." Ba ƙarya ya yi ba, har yau tsarin Ingila shekara uku zuwa huɗu ne. Abin da ba zai faɗa ba shi ne, wanda ya fito daga sashen da ɗalibai arba'in ke layi a kan madubin gani guda, waɗannan darussan da ake rainawa su ne za su cike masa giɓi. Daga nan Farfesa zai shiga labarin dusar ƙanƙara da matar da ya yi haya a gidanta, ya ƙare da alkawarin haɗa ka da nasa sufabaizan, wanda in yana raye ya haura casa'in.

Hajiya da Kawu tare suke zama a kan maganar. Da suka ji jami'ar KAUST, wadda aka buɗe a 2009 a Thuwal, tana bakin Bahar Maliya kimanin kilomita tamanin arewa da Jidda, magana ta ƙare. "Kai yaro, Allah ya kai ka kusa da ɗakinsa kana wani Jamus?" Kawu har ya fara lissafin umarar azumi da wanda zai sauka a wurinka. Hajiya kuwa tambayoyinta uku ne: akwai masallaci, wa zai dafa maka, kuma za a ɗaura auren kafin tafiya ko sai ka zo hutu. Masu boko kan yi musu murmushi, amma ni ban ga abin murmushi ba. Kaɗaici ya mai da mutane gida ba digiri, kuma ba jadawalin da ke auna shi.

Mai Tsoron Sanyi ba ya ɗaukar lokaci. Ya ji a Edmonton ta Kanada sanyi kan kai talatin ƙasa da sifili, ya ji a Tromso ta Norwe rana ba ta faɗuwa kusan wata biyu a bazara. Bai taɓa wuce Jos ba, kuma ya ce ka je Malesiya.

Su kansu masu takardun ba tsira suka yi ba. Akwai Mai Son Babban Suna, wanda ya zaɓi lab don mai shi ya ci lambar Nobel. Zai ga mutumin sau biyu a shekara, ɗaya a hoton bango, kuma ainihin mai duba aikinsa wani matashin dakta ne da ke neman aiki a wani wuri. Akwai Mai Riƙe Duka. Jami'o'in Amurka da dama sun yi yarjejeniya cewa wanda aka ba gurbi da tallafi yana da har 15 ga Afrilu kafin ya ba da amsa, shi kuwa ya ɗauki wannan a matsayin umarni. Ya san tun Fabrairu ba zai je biyu daga ciki ba, amma daɗin a ce yana da uku ya hana shi sakinsu, wani bawan Allah na can a jerin jira yana duba imel har cikin sahur. Akwai kuma wanda ya riga ya yanke shawara tun ranar farko, yake yawo gida-gida yana neman wanda zai faɗa masa abin da yake son ji. In ka saɓa masa sai ya ce ai ka san hassada.

Wanda ya san amsar kuwa ba ya zuwa, sai an neme shi. Ɗalibin shekara ta huɗu ne a lab ɗin da kake shirin shiga, sunansa na nan a shafin sashen, ba wanda ya rubuta masa. Shi ya san ko kuɗin binciken malamin zai ƙare baɗi, ko malamin na shirin komawa wata jami'a, ko babi kan kwana wata huɗu a teburinsa, da mutum nawa suka shiga da nawa suka fita da digiri. Sai dai ba ya magana kai tsaye, don takardarsa na hannun mutumin. In ya ce "yana ba ɗalibai 'yanci sosai," ba za ka gan shi ba ke nan. In ya ce "yana da himma ƙwarai," ka yi ban kwana da Asabar da Lahadi. In ya ce "gara mu yi waya," ɗauki biro. Duba kuma ƙarfe nawa ya aiko da amsar. Wanda ya bar lab ɗin bai gama ba ya fi shi sakin baki, in ka iya gano inda yake.

Na ƙarshe ba ya bayyana sai ka sa hannu, ka ba sauran biyun haƙuri, an buga maka biza. A filin jirgi zai same ka, ya riƙe maka jaka, ya tambayi wacce ka ɗauka. Ko wacce ka ambata, zai yi shiru, ya girgiza kai, ya ce, "Kash, ai da ka tambaye ni."