Jinjina ga Alhajin da Ya Sayi Tsohuwar 504

A zamanin da kowane ƙaramin ma'aikaci yake mafarkin mota mai sanyi da allon kallo, wajibi ne a tsaya a yaba wa mutanen da Allah ya ba su ido na daban. Ina nufin manyan da suka ƙoshi da jif-jif, suka waiwaya baya suna neman motar da ta girmi ɗansu na fari. Irin su Alhaji ne suke sayen Peugeot 504 ta shekarun 1970 da kuɗin da zai sayi lafiyayyiyar 'yar Kwatano har a ba da canji, sannan su yi makonni suna hana majalisa sakat da tambaya guda: otomatik za a ɗauka ko manuwal? Wanda bai san daraja ba zai ce ɓarnar kuɗi ce. Mu da muka sani mun san da tsohuwar zuma ake magani, ko da babu mai ciwo a gidan.

Kuma wa zai ga laifinsa? Motar tana da asali. A 1968 ta fito a Faransa, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surarta, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Kenya, inda laka da duwatsu suke cinye motoci da ransu. A wannan shekarar ce aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri da ke Kaduna. Bayan an kashe Janar Murtala a cikin Mercedes ɗinsa ranar 13 ga Fabrairu 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki salon rage ƙawa, 504 ta zama motar hukuma, kwamishina da babban sakatare duk a cikinta ake ganinsu. Turai ta daina yin ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har cikin shekarun 2000.

A nan ne haƙurin Alhaji ya cancanci lambar yabo. Lokacin da ake fitar da motar nan sabuwa fil a leda, da hannun 'ya'yan maƙwabtansa, bai dame ta da soyayya ba. Cewa ya yi motar 'yan tasha ce, ya sayar da tasa, ya aika Kwatano aka kawo masa wadda Bature ya gama more ƙuruciyarta. Ya daure, ya jira har aka daina ƙera ta, aiki ya ja baya, ma'aikata da dama suka koma gida. Sai da komai ya lafa sannan ƙauna ta sauko masa. Kishin ƙasa na gaskiya ke nan: kada ka takura wa abu da kulawa yana raye, bari sai ya zama tarihi ka saye shi da tsada.

Ranar ciniki ma Alhaji ya nuna shi ɗan babban gida ne. Dillali ya shafa bonet ya ce, "Ranka ya daɗe, wani tsohon likita ne ya ajiye ta, masallacin Juma'a kawai yake zuwa da ita." Alhaji ya gaskata, domin zato zunubi ne. Agogon tafiya ya nuna kilomita ƙalilan, shi kuwa bai tsaya tuna cewa irin agogon nan mai lamba biyar yana komawa sifili bayan 99,999 ba, balle ya tambayi sau nawa wannan ya yi ɗawafi, ko tun wace gwamnati wayarsa ta tsinke. Wani ɗan karambani ya kawo shawarar a bi ƙasan ƙofofi da maganaɗisu, tunda ba ya kama cikon da falanbita yake toshe ramin tsatsa da shi. Wani ya ce a ɗaga kafet a duba bene. Alhaji ya ƙi, kuma ya yi daidai. Mai babbar riga ba ya durƙusa a gaban mota, kuma da an ɗaga kafet ɗin da an ga kwalta ta ƙasa, ran kowa ya ɓaci a banza. Fenti yana sheƙi, sitiyari yana nan, tambarin zaki yana gaba. Me kuma ake nema?

Sai babbar mas'ala, wadda ta raba majalisa gida biyu, har aminan shekara talatin suka daina gaisawa da fara'a.

'Yan manuwal su ne ma'abota tsantseni. A wurinsu namiji shi ne wanda ƙafarsa ta hagu take aiki. Suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Giya huɗu ce, ƙarfe da ƙarfe, babu ɓoye-ɓoye: idan ta yi ƙara wajen shiga ta biyu ka san zoben da ke daidaita gudun haƙora ya cinye, idan tana fita da kanta a kan gangara ka san ta gaji, idan ka taka totur inji ya yi ihu mota ba ta ƙara sauri ba, faifan kulochi ya ƙare. Ta fi tsimin mai. Babbar falalarta kuma, idan batir ya mutu ana tayar da ita da turi. Wannan alheri ne ga unguwa baki ɗaya, domin babu abin da ke haɗa kan matasa kamar tura motar attajiri da hantsi, shi yana ciki da hular zanna yana cewa, "Ku ƙara ƙarfi, samari, saura kaɗan!" Gwiwar Alhaji da likita ya ce a lallaɓa ita ma za ta samu motsa jiki kyauta a cunkoson Kano, taka kulochi, saki kulochi, tun daga la'asar har magariba.

'Yan otomatik kuwa su ne ma'abota natsuwa. Sun ce fasahar ba baƙuwa ba ce, tun 1940 kamfanin General Motors na Amurka ya sa ta a motocin Oldsmobile, don haka mai raina ta yana raina kakansa ne. Ta cikin 504 ƙirar kamfanin ZF na Jamus ce, mai giya uku. Uku kacal, saboda ƙana'a. Maimakon faifan kulochi, mai ne yake ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya, kuma a hanya wani kaso na ƙarfin yana zama zafi ya bi iska. Ma'ana tana shan fetur fiye da 'yar uwarta, tana kuma tashi a hankali cikin dattako. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, babu hanyar nuna wadata da ta fi wannan: kowa zai iya sayen mota mai tsimi, amma sai wane da wane ke iya ciyar da inji mai kusan lita biyu da kafireto, a bayansa kuma giyar da take karɓar nata ushirin. Idan ta mutu a hanya ba ta karɓar turi, domin famfon manta sai inji yana juyawa yake aiki. Idan aka ɗaura mata igiya aka ja ta nesa tayoyin baya suna ƙasa, cikinta ya ƙone. Sai dai a kira babbar mota ta goya ta, ta ratsa gari a sama kowa yana kallo, wanda dama shi ne maƙasudin sayenta.

An ce wa Alhaji ya zaro sandar gwada man giyar ya duba: ja mai haske lafiya, baƙi-baƙi mai ƙaurin ƙuna kuwa a gudu. Ya zaro, ya sansana, ya ji ƙauri, ya ce ƙamshin tarihi ne.

Abin da ya fi burge ni a wannan muhawara shi ne tsarkinta. Babu son zuciya a cikinta ko kaɗan, domin Alhaji ya yi shekaru bai riƙe sitiyari ba. Direba ke jansa. Direban kuma yaro ne da ya koyi tuƙi a Corolla otomatik, wanda ya leƙa ƙasan sitiyarin wata manuwal ya ga abin takawa uku ya tambaya ko birki biyu ne. Ka ga ke nan ilimi ake nema don ilimi, irin na malaman da suke tattauna hukuncin abin da ba zai taɓa faruwa ba.

Kada kuma a manta da taimakon da wannan ciniki yake yi wa tattalin arziki. Tsofaffin makanikan da suke saita kafireto da kunne, wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu ido ya yi rauni. Na yanzu sai ya zo da kwamfuta, ya zagaya motar yana neman inda zai jona ta, bai samu ba, ya ce, "Oga, a bar ta ta kwana." Ta kwana wata uku. Ana aika yaro Ƙofar Ruwa, a ce sai Panteka. A je Panteka, a ce sai Ladipo a Legas. Kayan manuwal ana dacewa da su, tunda ita ce ta cika tashoshinmu, ko da na wata gawar ne aka ciro. Na otomatik kuwa sai an yi waya Turai, a biya da Yuro, a jira, ya iso, a tarar na wata shekarar ne daban. Mai walda ya samu, rewaya ya samu, falanbita ya aurar da 'yarsa. Wace ƙungiyar agaji ce ta taɓa raba arziki haka, ba tare da ta ɗauki hoto ba? Alhaji kuwa ba ya ƙorafi, domin wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Hajiya ce kawai ba ta fahimta ba. Tana ta maganar ɗigon baƙin mai a tsakar gida, da cewa motar ba ta da jakar iska mai kare fasinja, kuma ba za a sa mata jikoki a ciki ba. A yi mata uzuri. Ba ta lura cewa a duk motocin gidan babu wadda ta kai wannan aminci ba, tunda ba a taɓa jin motar da ke kan duwatsu huɗu ta yi karo ba.

To, wacce za a zaɓa? Bayan dogon nazari, fatawata ita ce duka biyun daidai suke. A ƙarƙashin tamfol, manuwal da otomatik gudunsu ɗaya, shan mansu ɗaya, kuma duka suna fitowa da kyau a Facebook idan an jingina da ƙofa an gyara hula. Mafi alheri ma Alhaji ya sayi biyun, ɗaya ta riƙa ba ɗaya kayan gyara har su ƙare tare.

Shawara ta ƙarshe, ranka ya daɗe: idan wani ya zo yana tallata maka motar da ake haɗawa yau a Nnewi ko a Kaduna, kada ka kuskura ka saya. Ka ce ba ta da aji, ka aika a kawo maka ta waje. Ka bar ta ta sha wuya, masu yin ta su watse, kayan gyaranta su ɓace. Nan da shekara arba'in jikanka zai neme ta ruwa a jallo, ya biya ninki, ya tara abokai su yi musu a kan giyarta. Gado irin wannan ba kowa ke iya barinsa ba. Allah ya ƙara basira.