Makankarin Kaka Ya Yi Daraja a Amurka

Birnin Firobidans,
Jihar Rod Ailan, Amurka.

Zuwa ga uwargidana, Hajiya Kaka,
Tungan Maje, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya ƙafa, ya zafi, ya rugugin tirelolin Lakwaja da ba sa barin mutum ya runtsa? Auta, kai da za ka karanta mata, ka ɗaga murya, ka san kunnen nan zancen kuɗi kaɗai yake ji. Kada ka tsallake mini ko layi guda.

Tsohuwa mai ran ƙarfe, albishirinki. Kin tuna makankarinki na kankare ƙanzo, wanda ran da na ɗauka na yi wasa da shi kika bi ni da muciya har bakin titi? To, na zo garin danginsa. Ashe makankari gida ne, akwai mai gida a ciki, kuma mai gidan nan shi Turawa ke bin layi su saya da dalarsu su ci. Ɓawon da kike ɓoyo a bayan randa kuwa, ni nake kwashe shi buhu-buhu in kai bola kowane dare, domin a wani gidan abinci na samu aiki. In Baffa ya tambaya, a ce masa ina harkar albarkatun ruwa.

Jihar nan ita ce mafi ƙanƙanta a duk Amurka, amma kurinta a kan wannan halitta ya fi ƙarfin girmanta. Sunan abin kilam, irin wanda suka fi ji da shi kuma kwahog. Yadda mutanen Zuba suka san lemo da ayaba, haka mutanen nan suka san shi. Ƙanana a ci su ɗanye, matsakaita a turara ko a gasa, manya masu tauri a daddatsa a yi miya.

I, ɗanye na ce. Ranar da na kama aiki, mai gidana ya sa wata guntuwar wuƙa ya ɓare ɗaya, ya matsa masa lemon tsami, ya miƙo mini yana murmushi kamar wanda ya ba ni 'yarsa. Na duba, sai na ga abu kamar majinar damina. Na ce ina azumi. Ya ce ai rana ta faɗi. Na ce namu na Tungan Maje sai an yi isha'i. Ana haka Allah ya kawo wani baƙo, na tsira. Na tuna yadda kike toshe hanci in maƙwabciyarmu 'yar Kalaba tana tsotsar 'yan katantanwar nan na cikin miyarta, har kina cewa in ta mutu ba sai an kai ta nesa ba, a jefa ta rafi wurin 'yan uwanta. Ki nemi gafararta, ita aƙalla tana dafawa.

Kafin in sa ko ɗaya a baki sai da na tambayi malami a masallaci. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ba ya ma bukatar yanka. Na yi hamdala, domin na juya abin nan gaba da baya ban ga wuyan da zan ɗora wa wuƙa ba. Abokin ɗakina ɗan Pakistan ne, Bahanafe, su kifi kawai suka yarda da shi, saboda haka in na ɗora tukunya sai ya buɗe taga ya riƙa yi mini addu'ar shiriya. Inda malam ya ja mini kunne shi ne mahaɗin: su nan in ba su zuba giya a romon ba, to sun sa naman alade. Yanzu kafin in ɗauki cokali sai na yi tambayoyin da suka fi na 'yan sandan hanyar Gwagwalada yawa.

Ga yadda ake sarrafa shi, ko za ki buɗe shago. Da ransa ake sayensa, baki a rufe gam. Wanda ya saki baki sai a ƙwanƙwasa masa. In ya rufe yana raye, in ya yi biris ya riga mu gidan gaskiya, sai bola. A jiƙa su a ruwan gishiri su tofar da yashi, a goge bayansu, a zuba a tukunya da ruwa kaɗan, a rufe. Cikin minti biyar zuwa goma za su wage baki, sun nuna ke nan. Wanda ya ƙi buɗewa bayan ya sha wuta, shi ma a yar. Wato da rai ana son mai rufe baki, a wuta ana son mai buɗewa. Ke da ba kya rufe naki, tun a zagayen farko za a cire ki. In kuma aka bar shi ya daɗe a wuta, sai ya koma kamar tayar Keke Napep.

Miyarsa sunanta cauda, kuma a kanta suke gaba kamar siyasa. Mutanen Boston suna yin fara da madara da dankalin Turawa, kamar kunun gyaɗa da kifi ya faɗa ciki. Ta Niyok ja ce, da tumatir. Ta nan kuwa tsararo ce, romo zalla. Akwai wanda ake kwaɓawa da fulawa a soya kamar fanke. Akwai wanda ake daddatsawa da garin burodi da albasa a mayar cikin ɓawonsa a gasa. Babban biki kuma shi ne a haƙa rami a bakin teku, a ƙona duwatsu su yi jawur, a shimfiɗa ciyawar teku, a jera kilam da masara da dankali, a lulluɓe har tururi ya dafa su. Na ce da su a garinmu wanda ya haƙa rami irin wannan rago yake sakawa.

Har farautarsa na je. Sau biyu a kwana ruwan teku yake janyewa, sai ka ga manya masu manyan motoci sun naɗe wando suna laluben taɓo da yatsun ƙafa kamar masu kwaɓar ƙasar gini. Wanda kaurinsa bai kai inci ɗaya ba doka ta ce a mayar da shi, kuma in an yi ruwan sama mai yawa hukuma takan rufe wasu wuraren saboda ƙazantar da ke kwarara. Na yi awa biyu cikin sanyi na samo guda bakwai da mura.

Kada ki raina shi. Ƙabilar Naraganset, 'yan asalin wurin nan, da ɓawonsa suke yin duwatsun ado, har Turawan da suka zo a ƙarni na 17 suka riƙa ciniki da su, kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. Sannan a 2006 masana sun tsamo wani ɗan uwansa a tekun Aisland, suka ƙirga zanen bayansa, suka samu shekara 507. Wato tun wajen 1499 yake kwance, ƙarshen zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Na ce Allahu akbar, yau ga wanda Kaka za ta ce wa Yaya. Sai dai a hannun masu binciken ya mutu, don haka duk wanda ya zo ƙirga miki shekaru ki kore shi.

Yanzu na samo kansa. Albasa, attarugu, citta da tafarnuwa, in juye su ciki in yi farfesu, wani lokaci in tsire su in barbaɗa yaji. Mai gidana ya ɗanɗana, hawaye ya zubo masa, ya sha ruwa kofi uku, ya ce a ƙara masa. In an samu mai tahowa a aiko mini da yajin ƙuli da daddawa, nawa ya kusa ƙarewa.

Na ware miki ɓawo goma sha biyu masu shuɗin baki, na wanke su tas, su ne lefenki, kada ki sake cewa ban yi miki komai ba. Ni ba su da amfani a wurina. Tukwanen ƙasar nan an shafe cikinsu da wani abu, ko me ka dafa ba ya kamawa. Ga makankari har ana zubarwa, amma shekarata biyu rabona da ƙanzo. In kin tuƙa tuwon dawa ranar Juma'a, ki shanya mini na gindin tukunya, kada ki ba Auta.

A gaida Baffa da Inna da maƙwabciyarmu 'yar Kalaba.

Ni ne naki,
Angonki na bakin teku.