Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Agogo Mai Wayo

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka kwana da caji, don na san nan ciwonka yake. Da kamfanin Apple ya fito da agogonsa na farko a 2015, awa 18 kacal ya ce batirin zai yi. Wato kullum sai an kwance ka an shimfiɗe a kan caja. A unguwar da wuta ke leƙowa ta koma, waya na jiran layi, fitila na jira, ga ka nan kai ma da ƙoƙon bararka.

Ko ka san Casio F-91W, baƙin nan ɗan siriri da ya fito a 1989? Batiri ɗaya yakan kai shi wajen shekara 7, kuma har yau ana ƙera shi. Seiko 5 kuwa, da aka fara a 1963, ba ruwansa da batiri sam, motsin hannu ne abincinsa. Dattawa ke nan, ba su taɓa tambayar kowa lambar sirri ba.

Ba zan tauye maka haƙƙi ba. Kana ƙirga bugun zuciya, tun 2018 wasunku na ɗaukar awonta su yi gargaɗi in ta rikice, har ma su kira agaji in mutum ya faɗi. Mai ciwon zuciya da mai gudun safe suna da dalilin neman ka. Sai dai ka ja kunnen ƙannenka masu araha da ake jerawa a shagunan waya, waɗanda ke rantsuwa suna auna sukarin jini ta saman fata. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce ba ta amince da ko ɗaya mai wannan da'awa ba, ta kuma gargaɗi jama'a su guje su. Mai ciwon sukari da ya sha magani bisa lambar ƙarya, wa zai kama?

Ga kuma surutu. Mutum na tsakiyar sahu, ka hau yi masa tsuma a wuyan hannu wai an turo barka da Juma'a a WhatsApp. Ya zauna hutawa, ka ce ya miƙe tsaye. Kai ka haife shi?

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ba a gadon ka. Shekaru kaɗan kamfani ya daina sabunta maka manhaja, batirinka ya gaji, mai gyaran agogo na bakin kasuwa ya saka gilashinsa a ido, ya juya ka gaba da baya, ya ce a kai ka wurin masu waya. Ashe can danginka suke.

Ranar da likita ya ce in neme ka, zan zo da kuɗina. Kafin nan ka yi zamanka a kwali.

Naka,
Mai Casio a hannun hagu