Mutum Ɗaya Ya Saya, Unguwa Ta Karanta

Marubutan Adabin Kasuwar Kano sun daɗe suna kukan ba a sayen littafi. Gaskiyarsu ne, sai dai ban taɓa jin wanda ya ce ba a karantawa ba. Tun da Talatu Wada Ahmed ta fito da Rabin Raina a 1984, har zuwa zamanin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Funtuwa suka cika ɗakunan mata da makarantun kwana, littafi guda yakan baro shago a Kasuwar Sabon Gari da bangonsa mai sheƙi, ya shiga gidan biki a jakar wata, ya kwana ƙarƙashin matashin amarya, ya hau motar Zariya, wani lokaci ya tsallaka har Maraɗi, duk ba tare da marubucin ya ƙaru da ko sisi ba. Hannayen da yake ratsawa a wannan tafiya kuwa, kowanne da halinsa.

Wadda kowa ya sani ita ce mai aron da babu dawowa. Da fara'a take zuwa, ta rantse gobe war haka littafin yana hannunki. Bayan sati uku ki aika, ta ce ai yana wajen ƙanwar maigidansu. Ƙanwar maigida ta ce ta bai wa 'yar ajinsu ta Islamiyya. 'Yar ajin kuma an ɗaura mata aure an kai ta Gusau, littafin ya bi kayan ɗaki. Kin yi ta'aziyya kin haƙura. Sai bayan shekaru ki je barkar haihuwa gidan ita mai aron farko, ki hango shi a kan durowa, an goge sunanki da biro an rubuta nata a sama. Idan ta ga kina kallonsa, ko gezau ba za ta yi ba. Cewa za ta yi: "Ƙawata, ba ki karanta wannan ba? Ɗauki, amma don Allah ki kula min da shi."

Ita wannan da sauƙi, domin gaba ɗaya take ɗaukewa, mutum ya huta. Wadda ke sa hawan jini ita ce mai riƙe na uku. Su marubutan nan ba su da kamfanin da zai ɗauki nauyinsu, da kuɗin aljihunsu suke bugawa, shi ya sa labari yake fitowa kashi-kashi: a sayar da na ɗaya a samu na buga na biyu. Kuma sun san inda za su yanke. Kishiya ta barbaɗa magani a miya, maigida ya wanke hannu ya jawo kwano, sai marubuciya ta yi sallama, ta ce a tare ta a na gaba. To na gaban nan yana hannun baiwar Allahn da ba ta wuce shafi biyu a dare sai barci ya kwashe ta. Ba ta hana ba, ba ta bayar ba. Kullum amsarta ɗaya: "Saura kaɗan." Mata shida suna layi, Alhajin labari yana nan zaune da loma a hannu har wata ya ƙare. Tana da 'yar'uwa ma, wadda ke wawure na ƙarshe tun ba ta ga na ɗaya ba, wai don ta tabbatar an yi auren kafin ta ɓata lokacinta.

Sai mai bakin da ba ya riƙe labari. Tana ganin littafi a hannunki za ta dafa ƙirji: "Wayyo, kin zo wajen da ya rasu?" Ki ɗago ido, ta ce: "Au, ba ki zo ba? To na yi shiru." Shirun nata ba ya kai minti guda. Kafin ta tashi kin san wanda ya yi hatsari, da wadda ashe ba 'yar gidan ba ce, da sunan da aka raɗa wa jariri.

Akwai kuma masu sharhi a gefen shafi, kuma ni dai ba na jin haushinsu. Duk inda uwar miji ta buɗe baki, za ka tarar da "Allah ya isa!" da jan biro. Inda saurayi ya saɓa alkawari an rubuta "Maza ke nan." A ƙasa wani ya maida martani da baƙin biro: "Ku ɗin fa?" Wata ta uku ta zo da fensir ta raba gardama, ta ce kowa ya ji tsoron Allah. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suna ta cacar baki shekara da shekaru a gefen takarda, har wani lokaci rigimar gefen ta fi labarin daɗi. Shafin ƙarshe kuwa na kowa ne: lissafin adashi, awon ɗinki, sunayen waɗanda suka karɓi anko ba su biya ba.

Wanda ba na yafe wa shi ne saurayi mai reza. Shi bai damu da labari ba, wasiƙa yake nema. Yana samun inda jarumi ya zauna ya tsara wa masoyiyarsa kalamai, sai ya yanke shafin a hankali ya cusa a aljihu. Shi ya sa kana cikin karatu za ka ga an tashi daga shafi na 46 an dira a na 49, yarinyar da ta tsani mutum ɗazu yanzu tana zaɓar ranar biki. Ladansa dai yana samunsa tun a duniya. Yakan kwafe wasiƙar tsaf ya manta bai sauya sunan jarumar ba, ita kuma budurwar da ya aika wa ta riga shi karanta littafin sau biyu.

Mai karatu a bakin murhu ba ta buƙatar dogon bayani. Littafin zai dawo da tambarin manja da ƙamshin daddawa, maigidanta kuma ya ci tuwo mai ƙauri, an ce masa laifin itace ne.

Shi maigidan ma ba kanwar lasa ba ne. Shi ne mai cewa littattafan banza, masu lalata tarbiyya, kar ya ƙara ganinsu a gidansa. Ya ƙwace ya shige turaka. Abin mamaki, fitilar turakar ba ta mutuwa sai tsakar dare. Kwana uku yana cin magani, ran na huɗu ana cikin cin abinci bakinsa ya suɓuce: "Ni dai Alhajin nan bai kyauta wa uwargidan nan ba." Kowa ya sunkuyar da kai. Can ya yi gyaran murya ya tambaya, da muryar mai bincike, ko akwai na biyu, don ya san iyakar ɓarnar. Irinsa suna da yawa a makarantun kwana, inda akwatin malamar da ke kamen littattafai ya fi laburaren makarantar cika. Ƙyamar dai ba wasa ba ce, ta taɓa kaiwa ga wuta: a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, gwamnatin Kano ta ƙona tarin littattafan hikaya da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Ban ce duk abin da aka buga na kirki ba ne, akwai tarkace sosai. Amma duk wanda ya haɗa Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, mai jan hankali a kan karatun 'ya mace, cikin tarkacen, to bai buɗe shi ba.

Ɗan boko shi kuma raini ne nasa. James Hadley Chase yake karantawa, da jerin Pacesetters, waɗanda ya tsinto wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Zai gaya maka tun daga Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ba a sake rubuta Hausa ba, Abubakar Imam ya tafi da alƙalamin. Da ƙanwarsa ta fita sai ya ɗauki nata, wai nazari yake yi.

Matar da ba ta fita kuwa, ɗan aike ne ƙafarta zuwa shagon haya. An rubuta masa sunan littafi a takarda, ya tsaya kallon ƙwallo takardar ta ɓace. Ya isa shago ya ce: "Wai in ji Anti a ba ta wanda matar take kuka a bango." Rabin shagon mata ne ke kuka a bango. Mai shago ba zai ko tambaya ba. Ya duba rajistarsa, ya ga gidan da yaron ya fito da inda aka tsaya, ya zaro daidai wanda ake nema. Mutumin nan ya san gidan da ake shirin kishiya tun kafin dangi su ji, daga irin littattafan da aka fara aikowa a karɓa.

Inna tsohuwa ba ta yi boko ba, jika ke karanta mata bayan isha'i. Ita ma takan fara da cewa shirme ne, sannan ta gyara zama. Ba a gama sakin layi ba tare da ta tsoma baki ba: "Ita uwar yarinyar tana ina aka yi wannan?" Idan aka ce mata ƙagaggen labari ne, sai ta ce wa zai ɓata tawada ya rubuta ƙarya. Har addu'a take sa marainiyar labarin a ciki.

Ita kuma mai rowa kowa na zaginta. Sabo take saya, ta yi masa riga da takardar kalanda, ta rubuta sunanta a wuri uku, ta kafa sharuɗɗa: a wanke hannu, kar a naɗe shafi, kar a shiga da shi kicin, kar a ba wa kowa. Amma ranar da aka nemi cikakken saiti aka rasa a duk unguwa, ƙofarta ake zuwa a yi sallama da ladabi.

A ƙarshen layi, kafin littafi ya faɗa hannun mai ƙosai, akwai wata da ba a cika ambatonta ba. Ita sai ya gama yawo yake isowa gare ta, bango ya tafi, ƙusar tsakiya ta yi tsatsa, shafuka sun hautsine. Sai ta zauna ta jera su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗinke da allura da zaren kitso, ta yanko kwalin sukari ta yi masa bango, ta rubuta sunan littafin da na marubucin. Idan shafin ƙarshe ya ɓata, ta nemi wadda ta karanta ta ba ta labari, ta rubuta shi da hannunta a takardar makaranta ta liƙa. Na taɓa cin karo da irin wannan ƙarshe, an hukunta kishiya fiye da yadda marubuciyar ta yi, kuma ban ji wanda ya yi ƙorafi ba. Saboda ita ne littafin da aka buga tun kafin a haifi wasu masu karatun yake yawo har yau.

Don haka 'yan layi, in akwai irinta a unguwarku, ku daina ajiye ta a ƙarshe. Wannan karon in an sayo sabo, a fara miƙa mata, ta ga yadda shafi na 47 yake.