Rana Ta Samu Aikin Yi

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, janareta ya yi gum a gidaje da yawa na Anka, Gummi da Bukkuyum, aka koma kallon sama. Ranar da muke tsine wa kowace bazara, yau ita ce NEPA.

Aikin ba wuya. Farantin sola da ke kan kwano ya sha haske ya mai da shi lantarki, batir ya adana, inbata ta juya shi ya zama irin wutar da fanka da talabijin ke ci. Sai dai farantin haske yake so, zafi kuwa gajiyar da shi yake yi. A digiri 25 masu ƙera shi ke auna ƙarfinsa, ga Afrilun Gummi na haura 40, dole ya yi laushi kamar kowa. Da hunturu ƙura ta rufe masa fuska, sai a tura yaro kan rufi da tsumma da bokiti, Hajiya na ƙasa tana salati.

Maigida kuwa ya zama dogarin batir. Ya haramta dutsen guga, mai lashe wat 1,000 shi kaɗai, ya kafa dokar kashe ƙwai. Amma kafin azahar wayoyin maƙwabta sun cika tabarmar zaure.

"Alhaji, caji ne kawai, ai waya ba ta cin wuta."

Ƙarfe 2 na dare inbata ta fara kuka, fanka ta tsaya cak, sauro ya karɓi aiki.