Mota Na Walƙiya, Birki Sai Addu'a

A Maraɗi sabon kaya ba ya kwana shi kaɗai. Da zarar alhaji ɗaya ya shigo da abu, kafin Juma'a biyu ya zama farilla a kan duk mai son a gaishe shi da hannu biyu. Haka aka yi da waya mai ido uku a baya, haka aka yi da ƙyauren gida mai zuge kansa. Yanzu layi ya iso kan injin goge mota, wannan mai juya soso yana gunji har fenti ya fara ɗaukar ido. Daga Ali Ɗan Sofo zuwa Zariya, in ka ji ƙara da safe kada ka ɗauka niƙa ake yi. Darajar maigida ce ake gogewa.

Cutar takan shiga ne ta waya. Alhaji yana kishingiɗe bayan isha'i, sai ya ci karo da bidiyon wani Bature a TikTok, cikin rufaffen gareji mai fitilu, ƙasa fes, yana bi da injin a hankali bisa wata baƙar mota har fuskarsa ta fito a jikin ƙofa. Alhaji bai lura da garejin ba, bai lura babu akuya ko ɗaya a wurin ba. Fuskar nan kawai ya gani. Washegari da asuba an kira yaron da ke Kano, ko ƙanen da ke Dubai, ko ɗan da ke karatu a Amurka: a aiko da irinsa, kuma ya fi na maƙwabci girma.

Wanda aka aiko wa daga Amurka shi ke fara shan darasi. Wutar can ba ta wuce bolt 120, tamu kuwa 220 ce. Aka tara yara, aka shimfiɗa wa baƙi tabarma, aka jona. Injin ya yi kuka ɗaya mai ban tausayi, ya saki hayaƙi, ya koma ga mai shi. Alhaji ya dubi sama ya ce baki ne, tun jiya ya lura da irin kallon da maƙwabci ke yi wa kwalin.

Wanda nasa ya tsira sai ya faɗa rikicin soso. Masu sana'ar sun san kowane da aikinsa. Na gashin tunkiya shi ne mai ci, da shi ake kankare zurfin ƙarzuwa. Na katifa mai tauri yana bin bayansa, mai laushi kuma shi ke fito da sheƙi a ƙarshe, kowanne da irin man da ake ɗiga masa. Launin soso alama ce kawai, kuma kowane kamfani da yadda yake jera nasa, ja a wurin wannan mai ci ne, a wurin wancan na gamawa. Amma mu a nan mun sauƙaƙa ilimin. Mai farar mota farin soso, mai jar mota ja. Akwai wanda ya mayar da shuɗi kanti saboda bai shiga da hularsa ba.

Sai kuma jarumin tattali, wanda ya ji kuɗin Makita ko Bosch ya ce ai duk juyi juyi ne. Ya tafi wurin mai walda ya aro injin yankan ƙarfe, ya ɗaura masa soso. Injin goge fenti na gaskiya yana juyi ne tsakanin 600 zuwa 3,000 a minti ɗaya, kuma gwanaye ba sa kai shi ƙarshe. Na mai walda yana kai 11,000. Kafin Alhaji ya gama bisimilla, bonet ya yi tabo mai faɗin faifai, ƙarfe na leƙowa. Garin gyaran gira an rasa ido. Tun ranar, in an tambaye shi, sai ya ce haka ta zo daga Kwatano.

Abin da ba a faɗa a bidiyo shi ne, goge mota ba ƙara mata komai ake yi ba, ragewa ake yi. Sheƙin da ido ke gani wani siririn ruwa ne garai-garai da kamfani ya fesa bisa launi, kaurinsa bai cika wuce maikuron 50 ba, wato bai kai silin gashin kai ba. Duk sa'ar da soso ya bi ta kansa sai ya ɗebe kaɗan, kuma abin da ya tafi ba ya tsirowa. Masu hankali sau ɗaya ko biyu suke yi a shekara. Namu kuwa motocin yawancinsu sun ci ƙuruciyarsu a Beljiyam ko Jamus, sun sha gishirin teku a jirgi, sun sha jira a tashar Kwatano ko Lome, an riga an goge su a can don su burge mai saye. Ragowar da ta iso Maraɗi ita Alhaji ke bi da inji duk ranar Alhamis, don motar ta je masallacin Juma'a da kwarjini.

To ina ma a inuwa ake yi. A'a, sai a ƙofar gida, da rana tsaka, inda masu wucewa za su shaida. A watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, jikin baƙar mota kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Man gogewa yana sauka yana bushewa, soso yana jan sa yana barin zane. Amma wa zai shiga gareji ya rufe ƙofa? Ai gogewar da ba a gani ba asarar kuran ce.

Kuran ɗin, wato wutar lantarki, shi ma da nasa labarin. Injin kirki yana jan wajen wat 1,200. Kowa ya tuna yadda Nijeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido da ita ba sai farkon 2024. A irin waɗannan kwanaki ake gane wa ke da daraja a gida. Yara sun yi ta roƙo a tada janareta su yi bitar karatu, aka ce mai ya yi tsada. Hajiya ta ce kayan miya na lalacewa a firji, aka ce ta shanya. Ranar Alhamis da hantsi sai ga janareta yana rawa a tsakar gida, an ja waya har waje.

"Alhaji, ashe akwai mai?"

"Hajiya, wanga na aiki ne."

Yanzu mota ta fito, ana ganin gemu a jikinta. Ina za a je? Suna ake yi a Tibiri, garin Sarkin Gobir, tafiyar da ba ta kai a gama sauraren labarai a rediyo ba. Muddin ana kan kwalta lafiya lau. Amma gidan suna ba ya kan kwalta, kuma hunturu bai san an yi gogewa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas tana sauke mana rabonmu na Sahara kyauta, ba ta tambayar lambar mota. Kabu-kabu biyu suka wuce, a-daidaita-sahu ya bi bayansu, garken jajayen awakin da Maraɗi ta yi suna da su ya ratsa hanya. Kafin a raɗa wa jariri suna, baƙar mota ta koma launin ƙasa, wani yaro kuma ya rubuta mata "a wanke ni" da yatsa a gilashin baya.

Nan ne babbar ɓarna take. Alhaji ya fito daga cin tuwon suna, ya ga abin da ya gani, ya ƙwala wa direba kira. Direba ya zaro busasshen tsumma daga ƙarƙashin kujera ya shiga dirza. Ƙurar nan akwai yashi a cikinta, ƙwayar yashi kuma ta fi gilashi tauri, balle fenti. Kowace dirza zane ce. Aikin awa uku na jiya ya tafi a minti biyu, kuma ranar Alhamis za a sake ɗauko inji a kankare zanen da tsumma ya yi. Haka ake ta zagaye har fenti ya ƙare, a ce motocin yanzu ba su da ƙwari.

Wani kuma Jiratawa ya nufa, wurin noman rani a bakin gulbi, don dubo gonarsa. Ya tsaya nesa da laka, ya aika a kira masa manomi. Da aka kawo masa buhun zogale da kwandon tumatir na gida, ya ce kada a kusanto da su but, a ɗora wa ɗan kabu-kabu ya biyo shi a baya. Motar da aka saya don ta ɗauki kaya, yanzu ita ake yi wa dako.

Mu leƙa cikin bonet, in ya yarda ya buɗu. Baƙin mai ya yi kauri, an manta ranar da aka canza shi. Matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu uku. Tayoyi sun suɗe sumul, su ne kaɗai suka yi sheƙi ba tare da inji ba. Birki sai an taka sau uku ana salati. Bakanike ya faɗa, ya sake faɗa.

"Ranka ya daɗe, birkin nan fa ya gama."

"Bari sai wata ya mutu. Ai ba gudu nike ba."

Gaskiyarsa, ba ya gudu. Mai gudu ba a ganin sheƙinsa. Amma hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ba ta san wannan yarjejeniya ba, haka ma jakin da zai tsallaka ba sallama. Dalilin duk wannan a fili yake: birki yana ƙarƙashin mota inda ba mai gani, fenti kuwa yana sama inda ake gaisuwa. Fankam-fankam dai ba shi ne kilishi ba.

Yaron da ke wankin mota a bakin titi shi ya fi kowa sanin sirrin. Ya ɗebo ruwa, ya wanke, ya tsane, ya share ciki har da ɓawon gyaɗar da ke ƙarƙashin kujera. Alhajin da ya biya kuɗin jirgi aka kawo masa soso daga Dubai, shi ne zai tsaya yana ciniki a kan dala ashirin, daga ƙarshe ya ce ba canji, a tuna masa gobe. Goben nan ta fi layin dogon Kano zuwa Maraɗi nisa, shi wannan ko ba komai an aza harsashinsa a 2021.

Ƙarshen injin kuwa sananne ne. Maƙwabci ya aiko a ba shi aro na yini ɗaya. Daga can ya wuce gidan surukinsa, daga nan wani ya gwada shi a kan tayil, wani a kan tukunyar biki. Bayan wata biyu ya dawo a buhu, ba soso, wayarsa an ɗaure da leda, tare da saƙon cewa dama can ba shi da ƙarfi. Ba a yi faɗa ba, don zumunci ya fi inji. An dai daina gaisawa.

Tsafta aba ce mai kyau, kuma ba wanda ya ce a yi yawo da mota kamar an tono ta. Mai son sheƙi na gaskiya ya fara zuba ruwa ya kore yashi kafin tsumma ya taɓa jiki. Ya samu inuwa. In lallai sai ya sayi inji, ya nemi mai kaɗawa yana zagaye, wanda bai cika ƙona fenti a hannun ɗan koyo ba, ya duba ko na wuta 220 ne, ya fara da soso mai laushi a wani lungu da ido ba ya kaiwa. In ba zai iya ba, ga samari nan sun koyi aikin suna neman na abinci, ya kai musu ya biya su a ranar.

Amma kafin duk wannan, Alhaji, a bi layi yadda ya kamata: birki tukuna, sai taya, sai baƙin mai, sai kuɗin cefanen Hajiya da bashin yaron wanki. In an gama akwai saura, a sayo soso ko kala bakwai ne, mu ma za mu zo mu duba hularmu a jikin ƙofa.